Amsa: Tiyatar jijiyar fuska da fargabar kumburin ƙwaƙwalwa

'Yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Kin ce ciwon fuskar nan mai fizga kamar lantarki ya kai likita na maganar tiyata, ke kuma kin ji ana iya zubar jini ko ƙwaƙwalwa ta kumbura. Hakan na faruwa, amma da wuya ƙwarai.

Ƙaramar kafa ake buɗewa a bayan kunne, a janye jijiyar jinin da ke danne jijiya ta 5, wato jijiyar da ke kai saƙon taɓi da zafi daga fuska zuwa ƙwaƙwalwa, a cusa ɗan ƙyallen Teflon tsakaninsu. Wurin matsattse ne. Akwai wata jijiya mai kwashe jini daga ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya. In ta yage ko aka toshe ta, jini kan taru, wurin ya kumbura. Sai a ba da mannitol, maganin rage kumburin ƙwaƙwalwa, wani lokaci a sake buɗewa.

Kafin ranar, ku faɗa wa likita idan tana shan asfirin ko warfarin, magungunan da ke tsinka jini, har da magungunan gargajiya, kar ku ɓoye. Bayan aikin kuwa, amai ba ƙaƙƙautawa, barci mai nauyi da ba ta farkawa, ko tangaɗi, ku kira nas nan take, a yi hoton CT.