Anti, kemistiri ya ƙi shiga kaina ga WAEC ta matso

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce 'yar SS3 a nan Gombe, burina in karanci likitanci ko harhaɗa magunguna, amma wallahi kemistiri ya zame min ƙarfen ƙafa. Ina haddace littafi tas, da an kawo lissafi sai kaina ya ɗaure. Ga shi ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu kullum a kulle, tun SS1 sau biyu kacal muka shiga. Ko dai in haƙura in koma ajin Art ne? Daga wata 'yarki a Tudun Wada.

AMSA: Wa'alaikumussalam 'yata. Maganar sauya aji a SS3 ki ajiye ta gefe, lokaci ya ƙure, kuma likitanci ko a Jami'ar Jihar Gombe ko a ATBU Bauchi sai da kiredit a kemistiri, sannan a JAMB ma yana cikin darussa huɗun da za ki rubuta tare da Turanci da fiziks da bayoloji, tambaya 40 ke jiranki a kansa. To kin ga ba inda za ki gudu.

Ciwonki kuwa kin faɗe shi da bakinki, hadda. Mu nan mun taso da hadda tun daga allo kuma ta yi mana rana, amma lissafin kemistiri ba ya jin wannan yaren, kuma in na canka daidai tun a darasin mol aka bar ki a tasha. Mol fa ba wani aljani ba ne, ƙidaya ce kamar dozin. Dozin ɗin ƙwai 12 ne, dozin ɗin bulo ma 12 ne, amma ai nauyinsu ba ɗaya ba. Haka mol yake, sai dai shi adadinsa 6.02 × 10²³ ne, don ƙwayoyin zarra sun yi ƙanƙantar da ba a ƙirga su ɗai-ɗai, sai a auna su a sikeli. Ɗauki sinadarin NaOH, ki haɗa nauyin zarrar da ke cikinsa: Na 23, O 16, H 1, jimla 40, wato mol ɗaya giram 40 ke nan, in aka ba ki giram 4 kin san mol 0.1 ke hannunki. Shikenan fa abin da yake sa yara kuka.

Bari in kai ki gona. In Baba ya sayo takin yuriya ki duba jikin buhun, za ki ga an rubuta 46. Daga ina ta fito? Yuriya ita ce CO(NH₂)₂, nauyinta 60, naitirojin biyun da ke ciki 28, ki raba 28 da 60 ki ninka da 100 za ki samu 46 da 'yan kai. Ma'ana a buhu mai kilo 50 wajen kilo 23 ne ainihin abin da masara ke so. Irin wannan tambayar ce suke juyawa su kawo a jarrabawa da wani sinadarin daban, sai ki ga yaro ya rikice alhali da damina shi ke zuba takin nan da hannunsa.

Batun ɗakin gwaji abin da ciwo, ban kuma ce kicin zai maye gurbinsa ba, amma yana rage zafi. Ki tsiyayi zoɓo mara sukari a kofin gilashi, ki ɗiga ruwan kanwa a hankali kina kallo, jan nan zai dushe ya koma duhu-duhu kamar kore, ki matsa lemun tsami sai ja ya dawo. Abin da kika gani shi ne aikin indiketa, wato abin da ke sauya launi tsakanin asid (irin lemun tsami) da bes (irin kanwa). Ki kuma matsa lemun a kan garin kanwa, kumfar da za ta taso iskar CO₂ ce, ita ce dai ke fita in an gasa dutsen farar ƙasa a masana'antar siminti ta Ashaka. Iyakarki kanwa da lemu don Allah, ban da ruwan batir, ban da gauraya magungunan wanke banɗaki, iskar da ke tashi daga wasunsu tana illata huhu.

A takardar firaktikal ta WAEC akwai taitireshan, akwai gano sinadaran da ke cikin gishirin da aka ba ki, sai 'yan gajerun tambayoyi. A taitireshan asid ne a cikin biret (dogon bututun gilashi mai ma'auni da famfo a ƙasa), bes kuma ki ja shi da fifet (siririn bututun awon ruwa) zuwa kwalba, yawanci 25 cm³, ki ɗiga indiketar metil orenj ɗigo biyu ko uku ya zama rawaya, ki riƙa sakin asid kina kaɗa kwalbar har ɗigo ɗaya ya juya launin zuwa ruwan lemu. Inda ake asarar maki ba a sinadarin ba ne, a rubutu ne: in za ki karanta biret idonki ya yi daidai da ƙasan lanƙwasar ruwan, ki rubuta lamba biyu bayan ɗigo, 24.50 ba 24.5 ba, ki maimaita har sakamakon ya zo kusa da juna, kuma kar ki manta da rubuta ma'auni a gaban kowace amsa.

Amma hannu sai ya taɓa biret kafin ranar, wannan kam zoɓo ba zai koya miki ba. Ku haɗu ku biyar ko shida ku sami malaminku cikin ladabi ku roƙi a buɗe muku ɗakin ko da ranar Asabar ce, in babu kayan a nemo muku alfarma a makarantar da ke kusa. Tsofaffin takardun WAEC da NECO kuma kullum ki warware lissafi uku da biro da takarda bayan sallar Asuba, ki rufe shafin amsa sai kin gama. Wanda ya gagare ki ki turo min shi yadda yake, har da inda kika tsaya.