Abin da na gano a kan dutsen Eze

Ɗazu da muke juye tukwanen alobera da suka ruɓe, ka tambaye ni yadda aka yi shukar da ba ta tsoron ƙishirwa take mutuwa a hannunmu a Kano, alhali a hoton nan da ke wayata ga irinta can ta yi ɓul-ɓul a bakin teku. Ka kuma ce me ya kai ni can cikin sanyi. Zauna, yarona, amsar biyun ɗaya ce.

Wurin sunansa Eze, wani tsohon ƙauye ne a kudancin Faransa tsakanin Nis da Monako. Alhajin da nake kula masa da lambu ne ya tafi da ni a watan Janairu, lokacin da babu cunkoson 'yan yawon buɗe ido. Mota ba ta shiga tsohon garin, da ƙafa ake hawa, lungu-lungu, kamar mai hawan Dala amma ya fi shi nisa. Lambun yana can ƙololuwa, sama da mita 400 daga teku, a kangon wata ganuwa da sojojin Sarki Luwi na 14 suka rushe a 1706. A 1949 aka fara shuka shi. In ka tsaya, Bahar Rum ce shimfiɗe a ƙarƙashinka har iyakar ganinka.

Alhaji teku yake kallo. Ni ƙasa na durƙusa.

An kwana ana ruwa, domin su can da kaka da sanyi ruwansu yake sauka, lokacin zafi kuwa fari ne. Na tura yatsa a gindin wani kaktus, shukar nan mai ƙaya da ke ɓoye ruwa a jikinta, da ya fi ni tsawo. Tsakuwa ce da ɓaraguzan dutse, danshi kaɗan, babu caɓi ko na ƙwabo. Kowane gindi a kan gangara yake, bayan ɗan bangon dutse mai ƙofofin ruwa. Ruwan ya zo, ya gaishe da saiwa, ya wuce. Da lokacin zafinsu na je, da furanni da jama'a sun ɗauke mini hankali ban ga wannan ba. Ga kuma dangin alobera, a sanyin suke fitar da jan fure.

To dubi namu. Ka cika tukunya da baƙar ƙasa da takin shanu, ka danne, ramin gindinta ya toshe. Markar Agusta ta sauka kwana uku a jere. Ita wannan shuka tulunta yana jikinta, ganyen nan mai kauri ruwa ne ta ɓoye. Saiwarta ta zauna cikin laka ba iska, sai ta ruɓe daga ƙasa, kana ganin kore a sama alhali an gama. Laifina ne ma da ban tsaya a kanka ba ranar da kake haɗin.

Kuma ba baƙin abu ba ne a wurinmu. Kaktus daga nahiyar Amurka ya fito, amma ƙerana da aguwa da ake shinge da su a ƙauye, da tinya, da ƙariya mai jan fure, duk 'yan gida ne. Ka taɓa ganin ƙariya a fadama? Sai dai ka kiyayi farin ruwan tinya da ƙerana, kada ya kusanci idonka.

Gobe in Allah ya kai mu, ka auno kwano biyu na yashin kogi mai tsakuwa, ɗaya na ƙasa, taki ɗan barbaɗe. Fasasshen kasko a kan ramin tukunya, tukunyar a kan bulo. 'Ya'yan da muka ceto ka bar su a inuwa kwana huɗu bakin yankan ya bushe kafin ka dasa, kuma kada ka ba su ruwa sai bayan mako. Waɗanda ke bakin titi ka shigo da su ƙarƙashin rumfa yau, hadari na haɗowa ta gabas.