IB ko A-Level, wanne zan sa yarona?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Yarona shekararsa 16, bana zai gama IGCSE a wata makaranta a Abuja, burinsa ya zama injiniya kuma muna so ya fita waje karatu in Allah Ya yarda, ko Ingila ko Amurka. Kawunsa ya dage sai dai a sa shi IB wai ita ce ta fi wahala don haka ita ce jami'o'i suka fi girmamawa, makarantarsu kuma A-Level kawai suke yi. Yaron akwai kai a lissafi da fizis amma rubutu mai tsawo kam sai an yi faɗa da shi. Don Allah a ba ni shawara kafin mu biya kuɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya raya mana shi. Kawunsa bai yi ƙarya ba, IB akwai wuya, amma cewa wuyar ce ke sa jami'a ta ɗauki yaro nan ne na rabu da shi, domin jami'a maki take dubawa da darussan da yaro ya ɗauka, ba ruwanta da daren da ya kwana bai yi barci ba. Bari in fara gaya miki abin da ke cikin buhun kafin ki saya.

IB ɗin nan, wato International Baccalaureate, takardar kammala sakandare ta ƙasa da ƙasa, a Janeba ta ƙasar Suwizalan aka kafa ta a 1968, asali saboda 'ya'yan ma'aikatan jakadanci da na Majalisar Ɗinkin Duniya da kullum ake canja musu ƙasa, ana so su samu takarda ɗaya da kowace jami'a za ta gane. Shekara biyu ake yi. Yaro zai ɗauki darasi shida dole, adabi a harshen da ya fi ƙwarewa, sai wani harshe na biyu kamar Faransanci ko Larabci, sai ɗaya daga irin su tarihi ko tattalin arziki ko jogarafi, sai kimiyya, sai lissafi, na shida kuma zane ko kiɗa ko wasan kwaikwayo, amma an yarda ya ajiye wannan ya ƙara kimiyya ta biyu, kuma haka yawancin masu son injiniya da likitanci suke yi. Uku daga ciki zai yi su a babban mataki da ake cewa HL, awa 240 na koyarwa kowanne, sauran ukun a matsakaicin mataki da ake cewa SL, awa 150. Kowane darasi makinsa daga 1 zuwa 7, kin ga shida sau bakwai 42 kenan, sai maki 3 na ƙari ya cike 45. Ana cin difloma da 24 in an cika sauran sharuɗɗa, matsakaicin abin da ɗalibai ke samu a duniya kuwa wajen 30 ne, ki riƙe wannan lambar za mu dawo mata.

Waɗannan maki ukun na ƙari su ne inda yaronki zai ji jiki. Akwai Extended Essay, binciken da zai zaɓi tambayarsa da kansa ya rubuta har kalma 4000, akwai TOK, darasi ne na yaya aka yi muka san abin da muka sani, mene ne hujja a kimiyya mene ne hujja a tarihi, shi ma da rubutunsa na kalma 1600 da wani baje koli da zai haɗa, sannan ga CAS wato ayyukan ƙirƙira da motsa jiki da taimakon al'umma, ba a ba shi maki amma in bai kammala ba babu difloma. Kuma kowane darasi a cikin shidan nan yana da aikin da ake yi a makaranta a rubuta rahoto, har lissafin ma sai ya yi rubutu a kansa. To yaron da kika ce sai an yi faɗa kafin ya rubuta shafi biyu, ki auna shekara biyu na wannan faɗan. In ya samu E a TOK ko a Extended Essay diflomar gaba ɗaya ta faɗi ko da ya kwashe 7 a fizis, haka in jimillar HL ɗinsa ba ta kai 12 ba, sai dai a ba shi takardar darussa ɗai-ɗai wadda ba ta kai diflomar daraja ba.

Af, iyaye da yawa suna tambayata game da TOK, wai an ce yana sa yara shakkar addini. Ni dai abin da na gani, ya danganta da malamin da kuma abin da yaro ya taso da shi daga gida, a manhajar ma akwai jigo na ilimi da addini da makaranta za ta iya zaɓa, kuma yaron da ya zauna gaban malamin zaure ya ji yadda ake tantance isnadi ba baƙo ba ne a maganar hujja. Ba wannan ne zai sa in hana ki IB ba.

A-Level ita tsarin Ingila ce, a Najeriya galibi ta Cambridge ake yi, wasu makarantu kuma Pearson Edexcel. Darasi uku yaro zai riƙe, mai ƙarfi ya yi huɗu, ya nutsa a cikinsu shekara biyu, maki daga A* zuwa E, kusan komai kuma a jarrabawa yake. Yaronki sai ya ɗauki lissafi da fizis da kemistiri, ko ya sa Further Maths, wato ƙarin lissafi mai zurfi, in makarantar tana da malaminsa, shi ke nan ya rabu da adabi da Faransanci har abada. Kada kawu ya raina ta don darasin uku ne, zurfin lissafin da mai Further Maths ke shiga ya wuce na HL a wurare da dama, kuma jami'o'in Ingila masu tsananin zaɓe a fannin injiniya suna son ganinsa sosai.

Yanzu ga inda lissafin yake. Jami'ar Cambridge tana neman wajen 41 zuwa 42 a IB da 7, 7, 6 a HL, Oxford 38 zuwa 40 gwargwadon kwas. Kin tuna matsakaicin duniya 30 ne? Kafin yaro ya kai 40 sai ya yi kyau a komai, har darussan da ba ya so, 4 ɗaya a adabin Turanci da 4 a Faransanci sun cinye maki shida nan take, ga shi bai taɓa fizis ɗinsa ba. A A-Level kuwa A* A* A ake ce masa ya kawo a abubuwa ukun da dama su ne abincinsa. Shi ya sa in Ingila ce alƙiblar, kuma yaron ya tsaya a kan injiniya ba ya rawa, ni A-Level zan ce, ba na ko tantama. Ga shi makarantar da yake ciki ita take koyarwa, malaman sun san shi, su ne za su rubuta masa makin hasashe da ake turawa ta UCAS, wato kafar neman gurbi a jami'o'in Birtaniya, tun kafin ya zauna jarrabawa, Oxford da Cambridge da likitanci 15 ga Oktoba ake rufewa, sauran kuma a Janairu, kin ga a farkon shekara ta biyu ne, malamin da ya san yaro shekara huɗu ya fi wanda ya san shi wata goma iya tsaya masa.

Amurka ce ke ɗan sauya maganar. Su can ba sa ɗaukar yaro da maki kaɗai, suna duba irin wuyar darussan da ya zaɓa a cikin abin da makarantarsa ke da shi, da rubutun da zai yi a kan kansa, da wasiƙun malamai, da abin da yake yi bayan aji, wasu kuma da SAT, jarrabawar neman shiga jami'a ta can. Kuma ko injiniya ka je yi sai an sa ka kwasa-kwasan rubutu da tarihi da makamantansu, don haka wanda ya fito daga IB yakan isa can ya tarar ya riga ya saba da wahalar, jami'o'i da yawa ma suna yafe masa wasu kwasa-kwasan shekarar farko in ya samu maki mai kyau a HL. Amma suna yi wa mai A-Level haka shi ma, kuma babu jami'ar da za ta hukunta yaro don bai yi IB ba alhali makarantarsa ba ta yi. Yaran da nake tura wa IB su ne wanda har yanzu bai san me yake so ba, yau lauya gobe likita, ko mai ƙarfi a ko'ina da ke jin daɗin karatu da muhawara, irin wannan in ka matse shi a darasi uku ka cuce shi.

In kuma bayan duk wannan kun zauna da babansa da kawun kun ga IB ɗin dai, to ki kula da abu biyu. Na farko lissafin IB kala biyu ne, AA mai ƙarfi a tsantsar lissafi da AI mai karkata ga amfani da lissafi a aikace, mai son injiniya AA zai yi a HL tare da fizis a HL, na sha ganin yaro ya yi wata shida kafin a gano an sa shi a wanda jami'ar da yake so ba ta fi so ba, lokacin canjawa ya wuce. Na biyu makarantar kanta. Ki shiga shafin ibo.org ki nemi sunanta ki tabbatar an ba ta izinin Diploma Programme, don akwai waɗanda suke matakin nema suna ta sa tambari a allon bakin ƙofa, akwai kuma masu izinin firamare kawai. Ki tambayi firinsifal ɗalibai nawa suka zauna bara, nawa suka samu cikakkiyar difloma, nawa ne matsakaicin makinsu, malamin fizis na HL shekararsa nawa a wurin. In aka fara miki kwana-kwana ana nuna miki wurin ninƙaya da motocin makaranta, ki ɗauki jakarki. IB a hannun malaman da ba su goge ba asarar miliyoyi ce, gara A-Level a hannun wanda ya shekara goma yana koyar da ita. Waɗannan tambayoyin ki yi wa makarantarsa ta yanzu ma, kar ki ce don kin saba da su.

Maganar kuɗi kuwa, ban da na makaranta akwai na rajistar jarrabawa da ake lissafawa da kuɗin waje, kin san yadda naira take, abin da aka ce miki bana ba shi za ki biya baɗi ba, ki nemi a rubuta miki na shekara biyun. Akwai kuma makarantun ƙasa da ƙasa na UWC (United World Colleges) guda 18 a duniya da IB suke yi, biyu a Afirka, ɗaya a Eswatini ɗaya a Tanzaniya, suna da kwamitin zaɓe a Najeriya kuma ana samun sikolashif, yara 'yan shekara 16 zuwa 17 suke ɗauka, in yaron na da sha'awa ba laifi ya gwada, sai dai gasar akwai zafi.

Ko wanne kuka zaɓa, ki sa shi ya rubuta WAEC ko NECO ko da ta masu zaman kansu ce, ya samu kiredit biyar da Turanci da lissafi ya ajiye. Biza takan ƙi, dala takan tashi, lafiyar mai biya ma ba a hannunmu take ba, in haka ta faru JAMB tana karɓar A-Level da IB a shiga aji biyu kai tsaye ta Direct Entry kamar masu IJMB da JUPEB, amma sai an nemi sakamakon O-Level, ranar da ya dawo bautar ƙasa ma za a tambayi takardun sakandare. Kafin ki biya ko sisi ki zaunar da shi ku buɗe shafin jami'o'i biyar da yake mafarki, kowacce ta rubuta abin da take nema a IB da A-Level a ƙarƙashin kwas ɗin injiniya, ya kwafe a takarda da hannunsa, ku kai wa kawun ya gani.