Daren ado a jirgin ruwa: babbar riga ko kwat?

Wani dattijo mutumin Daura da ya daɗe yana aiki a Manchesta ya aiko da tambaya. 'Ya'yansa sun haɗa kuɗi sun biya musu shi da mahaifiyarsu tafiyar mako guda a jirgin ruwan yawon shaƙatawa, daga tashar Sautamton zuwa gaɓar Norwe, a watan Yuli. A takardar da kamfanin ya turo an ce akwai darare biyu na ado na musamman. Shi kuwa rabonsa da kwat tun ranar da aka ɗauke shi aiki, Hajiya kuma ba ta fita sai da mayafi. Tambayarsa ita ce: za a bar su su shiga ɗakin cin abinci da kayan gida, ko sai sun saya na Turawa?

Alhaji, Allah ya yi wa yaran albarka. Za a bar ku, kada ka kashe ko fam ɗaya a kan kwat. Kamfanonin da ke tashi daga Ingila, irin su P&O da Cunard, suna cikin waɗanda suka fi tsaurara maganar sutura, amma kayan gargajiya na ƙasar mutum suna cikin abin da ake karɓa a daren ado. A wannan daren za ka ga mutanen Sikotland da ɗan zanensu mai tattara, matan Indiya da sari, ba mai ce musu kanzil. Kai ma ba kai ne farau ba. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila a 1921 a kan hanyarsa ta zuwa Makka, ya gana da Sarki Joji na biyar, da rigarsa da rawaninsa.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma nan ne mutanenmu ke yin tuntuɓe. Abin da aka yarda da shi kayan gargajiya ne na fita kunya, ba kowace rigar gida ba. Jallabiyar zaman falo ba ta ciki, 'yar shara ba ta ciki, haka kaftanin yadi mara aiki da ake zuwa masallacin unguwa da shi. Ma'aunin da za ka riƙe shi ne kayan da za ka sa ka je ɗaurin auren 'yar babban amininka, ko ka fita kallon hawa ranar Sallar Gani. Mai tsaron ƙofar ɗakin abinci bai san shadda ba, bai san aska takwas ba, amma idonsa na rarrabe mutumin da ya shirya da wanda ya zura abin da ya samu. Dokar tana fara aiki ne daga ƙarfe 6 na yamma, a manyan ɗakunan abinci da yawancin wuraren zama. Wanda bai shirya ba ba a kore shi daga jirgi, ana dai nuna masa hanyar wurin abincin ɗibi-da-kanka, kuma ba don wannan yaran suka biya kuɗi ba.

Ga yadda zan raba maka dararen. Na farko, wanda galibi ke faɗawa dare na biyu da tashi, ranar da jirgi ke wuni a teku, shi ne babba: kyaftin na fitowa gaisawa, masu hoto sun kafa fitilu a kowane lungu. Nan za ka sa babbar riga cikakkiya, da 'yar ciki da wando, shadda yadi 10. Daren ado na biyu kaftanin shadda mai aiki a wuya da hannu ya wadatar, yadi 5, da hula mai kyau. Game da launi, mazan wurin kusan duk baƙaƙen kaya ne a jikinsu, don haka fara sol, ruwan madara, shuɗi mai duhu ko ruwan toka sun fi zama daidai. Farar ta fi fitowa a hoto, amma ita ce miya ke nema. In ɗaya za ka zaɓa don daren farko, ɗauki mai duhu. Hula kuwa zanna bukar ko kube, wankakkiya. Rawani da alkyabba a bar wa masu su. Hoton jirgi kafin ka sauka ya isa Daura ta WhatsApp, kuma ka san abin da za a ce a ƙofar fada idan aka ga wanda ba a naɗa ba ya naɗa wa kansa.

Takalmi shi ne abin da ya fi kayar da mu. Mun saba haɗa riga ta dubban ɗaruruwa da buɗaɗɗen takalmi, a gida kuma ba laifi ba ne. A can yatsu a waje kan sa a dakatar da mutum a ƙofa. Sau-ciki na fata, baƙi ko ruwan ƙasa, da safa mai duhu, kuma ƙasansa ya zama mai kama daɓe. Sabon takalmi mai sulɓin ƙasa a kan matakalar jirgin da ke tangaɗi a Tekun Arewa hatsari ne, balle ga mai jan riga.

Babbar riga ba don jirgi aka yi ta ba, sai ka yi mata dabara. Tebura a matse suke, masu kawo abinci na ratsawa ta bayanka da faranti, don haka ka naɗe hannuwan a kafaɗa tun kafin ka zauna, ka tattaro gefen ka ɗora a cinya kada kujera ta take shi. A matakala hannu ɗaya ga ƙarfen riƙo, ɗaya ga riga. Kada ka fita saman jirgi da ita: iska za ta cika ta kamar tanti, hula kuma in ta tashi ta tafi ke nan.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci, guga. Ba a shiga jirgi da dutsen guga. Wuta ce babban abin tsoro a teku, ana haska kowace jaka kafin a kai ta ɗaki, in an ga dutse sai a riƙe shi har ranar sauka, jakar kuma ta makara. Na'urar gugar tururi ma yawancin kamfanoni sun hana. Saboda haka rigar ta shiga jirgi a shirye. In daga gida za a aiko ta, a kai wa masu bugu a Katsina su gama aikinsu, a bar ta a ninkinta, a sa takarda tsakanin ninki da ninki inda aikin zare yake, a zura a leda, ta kwanta a saman akwati, ba a ƙasa ba. Hula a sa ta cikin robar abinci mai murfi wadda ta yi daidai da ita. Da ka shiga ɗaki ka shimfiɗa rigar a ƙarƙashin katifa yadda iyayenmu ke yi, ka kuma gaya wa mai gyaran ɗaki tana nan. Za ka ji Turawa na ba da shawarar a rataye kaya a banɗaki a saki ruwan zafi tururi ya ware su. Wannan maganin kwat ɗin ulu ne. Shadda in ta sha tururi sitacinta ya saki, ƙyallin bugun ya mutu, ta koma kamar zanen gado.

Jiragen P&O da Cunard galibi suna da ɗan ɗakin wanki na fasinja, da dutse da teburin guga, amma da yammacin daren ado layi ne. Je da sassafe. Gwada dutsen a kan tawul tukuna, don hannu da yawa ya bi ta kansa kuma yakan ɗauko datti. Zafi matsakaici, ba tururi, ta bayan yadi, da farin ƙyalle a kan aikin. Kada ka ba ma'aikatan wankin jirgi shadda su wanke. Da manyan injuna suke aiki, ba su san sitaci ba. In ɗinki sabo za a yi, ba tela wata biyu, musamman in aikin hannu ne, kuma ka kauce wa makonnin gab da Sallah, lokacin da alkawarin tela ba ya tsayawa.

Hajiya ta fi ka sauƙi, domin abin da ake nema ga mata doguwar riga ce ta ado, mu kuma nan muka fi auki. Leshi ɗinkin doguwar riga ko riga da siket a daren farko, atamfa mai kyau ko abaya mai duwatsu a na biyu. Ɗankwali, mayafi ko hijabi, ba wanda zai ce ta cire. Zane na ɗauri shi ne ban ba da shawara ba sai in an ɗinke shi ko an sa masa igiya, saboda hawa da sauka. Mayafi ya zama matsakaici, a kafe shi da fil, don babban gyale mai santsi yakan zame cikin faranti ko ya maƙale a kujera. Gwaggwaro mai faɗi yana tare wa na baya kallo a zauren wasa bayan cin abinci, ɗauri madaidaici ya fi. Rigar ta tsaya a idon sawu, takalmi mai faɗin dunduniya. Ta riƙe wani mayafi mai kauri, ɗakunan akwai sanyin na'ura, wajen jirgi kuma ko a Yuli Norwe ba Daura ba ce. Gwal kaɗan ya isa, sarƙa da 'yan kunne da awarwaro, sauran lokaci su zauna a ɗan akwatin ƙarfe mai lamba da ke cikin ɗaki.

Hajiya, turaren wuta a gida za a yi shi. Kasko, gawayi, tsinken turare, har da kaskon lantarki, duk suna cikin abin da aka hana, kuma kowane ɗaki akwai na'urar jin hayaƙi da ke kai ƙara kai tsaye wurin masu tsaron jirgi. Ki turara kayan kwana biyu kafin tafiya, ki ƙulle su a leda, ƙamshin zai kai ki mako. Humra da turaren fesawa ba matsala, a dai sassauta hannu, don tebur ɗaya za a iya haɗa ku da baƙi shida.

A liyafar kyaftin ana zagayawa da kofunan giya mai kumfa a faranti, kuma a ido tana kama da lemon tuffa. Ku tambaya kafin ku ɗauka, ko ku ce a kawo ruwan lemo. Abincin halal ana sanar da kamfani ne makonni kafin tafiya, ba a teburi ba. In an ba ku zaɓin lokacin zama, na wajen ƙarfe 6 ya fi muku: a Yuli rana ba ta faɗuwa a can sai wajen ƙarfe 10 ko bayan haka, kun gama cin abinci da hotuna, kun cire kayan ado kafin Magariba.

Ba ka tambayi takardu ba, amma ba a shiga jirgin sai da su. Norwe tana cikin ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza guda. In Hajiya fasfon Najeriya take riƙe da shi, izinin zamanta na Ingila ba ya shigar da ita can, sai ta nemi bizar Shengen, ko da ta ce ba za ta sauka daga jirgi ba. A tashar Sautamton ake dubawa, wanda ba shi da ita a nan ake barin sa, kuma kuɗin ba ya dawowa. A nemi ranar ganawa da ofishin biza tun yanzu, don lokacin hutun Turai layin na da tsawo. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 6, kuma ku tabbata fasfon da za ta yi tafiya da shi ne ke haɗe da izinin zamanta na intanet, tunda katin izinin zama da aka saba riƙewa ya daina aiki a ƙarshen 2024. Kowace jaka kada ta wuce kilo 23. Ranar shiga akwatuna kan ɗauki sa'o'i kafin su iso ɗaki, daren ƙarshe kuma ana fitar da su bakin ƙofa kafin a kwanta, don haka kayan da za ku sauka da su da safe, da magunguna da fasfo, su kwana a jakar hannu.