Tambayi Anti: Kastad da sitiroberi, me ke sa shi tsinkewa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa mata, da ma mazan da ke leƙo mana filin nan. Tunda hunturu ya kama sitiroberin Jos ya fara shigowa Bauchi da Gombe saƙonnin da ke zuwa min kusan duk a kansa ne, to na tsinto guda huɗu waɗanda nake ganin amsarsu za ta wadatar da sauran masu tambaya.

TAMBAYA: Anti barka da aiki, dan Allah ki taimake ni. Ni amarya ce, dangin maigida za su zo min wuni sai na ce bari in yi musu abin fita kunya, na sayi sitiroberi roba biyu na dama kastad na yayyanka na zuba a ciki tun da safe na sa a firij, wallahi Anti da azahar da na ɗauko ruwa ne jajir kwance a sama, kastad ɗin ya tsinke shi kuma sitiroberin ya yi lugub, ƙarshe dai lemon kwalba na ba su. A ina na kuskure? Daga amarya a Fadaman Mada, Bauchi.

AMSA: Ayya amarya, Allah ya ba da zaman lafiya, kar ki sa abin a ranki. Hannunki ba shi da laifi, haɗa su da kika yi tun da safe shi ne ya ɓata miki aiki. Shi sitiroberi kusan kashi 90 cikin 100 na jikinsa ruwa ne, da zarar kin yanka shi ya haɗu da suga to sugan zai fara janyo ruwan nan waje, kafin rabin awa ma za ki ga ya fara tsatsafowa, ke kuma kin bar shi daga safe har azahar cikin abu mai suga. In kuma da zafinsa kika zuba kastad ɗin a kai, to kin ɗan dafa shi kenan, shi ya sa ya yi lugub ɗin nan kalarsa ta koɗe.

Abin da nake so ki riƙe, ke da duk mai karanta wannan, shi ne kowa ya zauna a mazubinsa sai lokacin ci ya yi. Kastad a robarsa, sitiroberi a tasa robar, sai baƙi sun yi sallah an shimfiɗa ledar cin abinci sannan ki haɗa.

Sai maganar damun kansa, dan a nan ma da yawanmu muke samun matsala. Mun saba da dama kastad irin yadda ake dama koko, a kwaɓa gari a sheƙa tafasasshen ruwa a juya, to wannan ya yi in da zafinsa za a sha da ƙosai da safe, amma wanda zai shiga firij ya yi awanni yana so ya dahu a kan wuta. Dalili kuwa garin kastad na gwangwani ko na leda sitacin masara ne da aka sa wa kala da ƙamshi, kuma sitaci ba ya gama kama jikinsa sai zafi ya kai shi dab da tafasa, in ruwan da kika sheƙa ya ɗan huce a hanya zai yi kamar ya yi kauri amma yana sanyi sai ya saki.

Ga yadda nake yin nawa. Madara rabin lita, in ta gari ce ki dama cokali 6 a cike na cin abinci cikin ruwa rabin lita. Ki ɗibi kaɗan daga madarar nan tana da sanyi ki kwaɓa garin kastad cokali 3 da suga cokali 2 har sai babu gudaji ko ɗaya. Sauran madarar ki ɗora a wuta, tana fara tasowa ki zuba ta kan kwaɓin kina juyawa, sannan ki mayar da duka cikin tukunya ki rage wuta ki ci gaba da juyawa ba tsayawa, ki riƙa kai cokalin har gindin tukunya da gefe-gefe dan nan ne yake kamawa. Za ki ga ya daina farin nan na ɗanyen gari ya koma sheƙi, ya fara fitar da manyan ƙwayayen tafasa suna fashewa a hankali, to ki ƙara masa minti ɗaya zuwa biyu ki sauke. In kin ga gudaji kar ki damu, ki tace a rariya tun da zafinsa. Ki juye a roba ki ɗauko leda mai tsabta ki manna ta a kan fuskar kastad ɗin ta taɓa shi sosai, wannan ne zai hana shi yin fatar nan ta sama da yara ba sa so. Ya sha iska sannan ya shiga firij.

Wani abu kuma da ba kowa ya sani ba, kar ki ɗanɗana da cokali ki mayar da shi ciki. Yawun bakin mutum yana da sinadarin da ke narkar da sitaci, ɗan kaɗan ya isa ya tsinka miki roba guda in ya samu lokaci, haka in yaro ya sa cokalin da ya lasa. Ki ajiye cokalin ɗanɗano daban.

Shi kuma sitiroberin kar ki wanke sai za ki yi amfani da shi, kuma ki wanke da koren ganyen nan na kansa tukunna sannan ki cire, in kin cire kafin wanki ruwa zai shige cikinsa ya salance. Ki baza a kan tsumma mai tsabta ya tsane sarai. Ni abin da na fi so, in raba shi gida biyu, masu kyan nan masu tauri in ajiye su sai lokacin zubawa in yanka, waɗanda suka ɗan yi laushi kuma in yayyanka in barbaɗa suga cokali ɗaya in bar su minti 20 zuwa 30 su fitar da jan ruwansu da kansu. Kin ga ruwan da ya ɓata miki kastad ranar nan, shi ne yanzu zai zama adon kofin, ki zuba kastad mai sanyi, ki ɗora sitiroberi, ki yaryaɗa ruwan a sama. In kina da kofunan gilashi na kayan ɗakinki ki fito da su, ki sa dakakken biskit ko gutsuren kek a ƙasa sai kastad sai sitiroberi ki sake maimaitawa, daga waje ana hango ja da rawaya hawa-hawa. Turawan Ingila suna da irin wannan haɗin da suke kira taraifil. Ki sake gayyatar dangin maigidan kafin lokacin sitiroberin ya wuce.

TAMBAYA: Hajiya ina yi miki fatan alheri. Ina sana'ar kayan sanyi a gida, ina so in fara kastad da sitiroberi a ƙananan kofuna saboda azumi, amma a nan Gombe yana tsada kuma kafin ya iso rabi ya lalace, ga zafi ga rashin wuta. Ya zan yi? Kuma in lokacinsa ya wuce da me zan maye gurbinsa? Daga wata 'yar'uwa a Tumfure, Gombe.

AMSA: Allah ya sa albarka a sana'a 'yar'uwa. Sitiroberi ɗan sanyi ne, shi ya sa a ƙasar nan Filato ce gidansa, Jos tana kan tudu sama da mita 1,200, kuma yankin Chaha da ke wajen Vom a Jos ta Kudu ya yi suna wajen nomansa. Lokacinsa hunturu ne, daga wajen Disamba zuwa Maris ya fi yawa ya fi araha. Daga Jos zuwa Bauchi kusan kilomita 130 ne, ke kuma sai an ƙara wata tafiyar da ta fi wannan kafin a kai Gombe, abu ne kuma marar ɓawo da ko matsa shi aka yi sai ya nuna. To in za ki yi oda ki roƙi mai turo miki ya sa a faffaɗan mazubi marar zurfi kar a tula wani kan wani, a ba motar asuba, kuma kar a sa a but kusa da kaya masu nauyi. Yana isowa ki zazzage ki tsince duk wanda ya fashe ko ya fara farin gashin nan na ruɓa, dan ɗaya yana shafa wa saura.

Ki sani kuma ba ya ƙara nuna bayan an tsinke shi, ba irin ayaba ko mangwaro ba ne da za ki rufe ya nuna. Wanda kika gani da fari a wajen wuyansa haka zai zauna da tsaminsa, ki nemi ja har sama mai ƙamshi.

Waɗanda suka yi laushi amma ba su ruɓe ba kar ki zubar, ki dafa su da suga da ɗan ruwan lemon tsami minti 10 su zama miya mai kauri, wannan ta fi ɗanyen jure ajiya kuma a ganina ita ce ma ta fi dacewa da sana'arki, ki zuba ta a ƙasan kofi, kastad a sama, yanka ɗaya na ɗanye a kai lokacin da mai saye ya zo.

Maganar zafi kuwa ina roƙonki kar ki yi wasa da ita, dan abin da ya ƙunshi madara ne za ki ba mai azumi. Ƙa'idar masana lafiyar abinci ita ce kar ya wuce awa 2 a waje, in zafin gari ya haura digiri 32 kuwa awa 1 ne kawai, kuma kin fi ni sanin yadda Gombe take a watan Maris da Afrilu. In babu tabbacin wuta ki yi daidai odar ranar, ki jera a kula da ƙanƙara, wanda ya kwana ba sanyi a zubar ko da bai canza wari ba. A firij mai aiki yana kwana 2 zuwa 3. Kar ki sa a firiza da sunan ajiya, in ya narke rabuwa yake da ruwansa.

In lokacinsa ya wuce ai mangwaro ya shigo, kuma wallahi nunannen mangwaro marar zare da kastad mai sanyi bai bar wa sitiroberi komai ba. Ayaba ma ta yi sai dai a yanka a take dan tana baƙi. In jan kalar nan kike so ki dafa zoɓo da kauri da suga ya huce ki yaryaɗa a sama, in ɗinya ta samu kuma maɗinta yana tafiya da kastad sosai. Wanda zan ja miki kunne a kai shi ne ɗanyar abarba da gwanda, suna da sinadarin da ke cin madara, in suka jima tare sai ki ji ɗaci, ita abarbar in kin ɗan dafa ta shikenan ta daina. Kankana kuma ruwa za ta cika miki kofi. Su bulberi da rasberi na manyan kantuna daga waje ake kawo su, kuɗinsu zai cinye miki riba.

TAMBAYA: Anti wai da gaske ana yin kastad da ƙwai ba da gari ba? Na gwada ya zama kamar wainar ƙwai ga ƙarni. Daga ɗalibarki a Yelwa, Bauchi.

AMSA: Ƙwarai ƙanwata, na ƙwai ma shi ne na asali. Na garin wani Bature mai haɗa magunguna a birnin Birmingham, Alfred Bird, shi ya ƙirƙiro shi a 1837 saboda jikin matarsa ba ya karɓar ƙwai. Naki wuta ce ta yi masa yawa. Na gari yana son tafasa, na ƙwai kuwa ana wuce digiri 85 yake fara daskarewa ya yi tsaki-tsaki. Ki ɗauki gwaiduwar ƙwai 4 banda farin, suga cokali 3, garin kwanfulawa cokali 1 dan ya taimaka masa kar ya tsinke, ki kaɗa sosai. Ki ɗumama madara rabin lita, ki riƙa zuba ta kan ƙwan kaɗan-kaɗan kina kaɗawa, kar ki juye gaba ɗaya. Ki mayar kan wuta ƙasa-ƙasa kina juyawa, da kin ga ya lulluɓe bayan cokali har in kin ja yatsa layin ya tsaya bai haɗe ba ki sauke ki tace nan take. Ƙarnin kuma filebon banila ko ɗan goga ɓawon lemon zaƙi a madarar yana kashe shi. Ni dai da sitiroberi na fi son wannan, ya fi laushi a baki kuma yana rage masa tsami.

TAMBAYA: Hajiya mahaifiyata tana da ciwon suga kuma tana son abin nan in an yi a gida. In ba a sa suga ba za ta iya sha? Daga wani magidanci a Jahun, Bauchi.

AMSA: Malam Allah ya ƙara wa Mama lafiya ya saka maka da alheri. Cire suga kaɗai bai wadatar ba, dan shi garin kastad ɗin kansa sitaci ne, yana shiga ciki suga yake komawa. Sitiroberin kuwa sugansa kaɗan ne in an kwatanta da ayaba ko mangwaro, ga bitamin C da bai gaza na lemon zaƙi ba. A yanka mata shi a kan kindirmo ko yogot marar suga, nata kofin ya zo tare da na kowa. In tana son kastad ɗin sosai ku tambayi likitan da ke duba ta adadin da ya dace da ita, tunda shi ya san awonta da magungunan da take sha.