Nasiru, ajiye maganar sayen sabuwar kwamfuta

Nasiru, ka tambaye ni me ya sa bidiyon bikin nan na Mabera yake cijewa cikin Premiere, manhajar tace bidiyo, alhali a VLC, manhajar kallo, yana tafiya sumul, har kana cewa ko mu sayar da kwamfutar mu nemi babba. Ajiye wannan maganar tukuna, ka saurare ni.

Kyamarori da wayoyin yanzu a matse suke ajiye bidiyo, da tsarin H.264 ko H.265. Ba kowane hoto suke ajiyewa cikakke ba. Sai su ajiye guda ɗaya cikakke, waɗanda ke biye da shi kuma su rubuta abin da ya canza kawai. Mai kallo daga farko zuwa ƙarshe ba ruwansa da wannan. Amma kai tacewa kake yi: ka yanka nan, ka koma baya, ka ɗora kyamara ta biyu bisa ta farko. Duk inda ka tsaya, dole kwamfuta ta koma ta nemo cikakken hoton, ta bi ɗaya bayan ɗaya har ta gino wanda kake so. Hotuna 25 ake buƙata kowace daƙiƙa, wanda bai iso kan lokaci ba a tsallake shi. Cijewar da kake gani ke nan. Kuma aikin nan 4K ne, 3840 sau 2160, ninki huɗu na 1080 ɗin da ka saba.

Maganinsa furoksi, wato ƙaramin kwafin bidiyo mara nauyi da ake tacewa da shi a madadin na asali. Ka zaɓi fayilolin duka, ka sa Premiere ya yi wa kowanne ƙaramin kwafi da tsarin ProRes Proxy, 1280 sau 720 ya ishe ka. A wannan tsarin kowane hoto cikakke ne, kwamfuta ba ta neman na baya kafin ta nuna maka. Da kwafin za ka yi yankanka, in ka zo fitar da aiki manhajar da kanta za ta koma kan na asali, ingancin bai ragu da komai ba. Sharaɗi ɗaya: kada ka goge na asalin, kada ka canza wa foldarsa suna ko wuri. Na taɓa yin wannan gangancin ina sabon shiga, kwana na yi ina haɗa fayiloli da hannu, ba na so ka ɗanɗana irinsa.

Ƙarƙashin allon kallo na Premiere kuma ka mayar da ingancin hoton da yake nuna maka 1/2 ko 1/4. Ka kwashe aikin daga filas zuwa SSD, ma'ajiya mai sauri. Gyaran kala da cire dishi-dishi ka bar su sai ƙarshe, su ne masu nauyi.

Bidiyon da ƙanin ango ya ɗauka da waya, shi nasa ciwon daban. Waya takan canza yawan hotunan daƙiƙa tana cikin ɗauka, musamman in haske ya ragu, shi ya sa bakin liman ya riga muryarsa wajen ɗaurin aure. Ka fara wuce da shi ta HandBrake, manhajar sauya tsarin bidiyo, ka tsayar da shi kan hotuna 25 a daƙiƙa.

Sai abin da masu koyarwa a YouTube ba su cika faɗa ba, don ba a Sakkwato suke ba: zafi. Cikin bazara muna haura digiri 40, kuma firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, in ta ji zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Ƙurar hunturun da ya wuce tana nan cunkushe a fankar kwamfutar. Jiya ma na gan ka ka aza ta kan darduma, ka toshe mata hanyar iska, raina bai so ba, don da ita muke cin abinci. Ɗaga ta bisa tebur, a buɗe ta a busa ƙurar. In an ɗauke wuta ta koma kan batir, nan ma ƙarfinta raguwa yake yi, don haka kada ka auna ta sai tana jone da caja.

Tashi ka sa furoksin yanzu tun da akwai wuta. In mun dawo daga la'asar sai ka danna mu gani tare.