Layukan rubutu suna karyewa a firinta ta CUPS: gyaran yana wajen mataci

Malam, ka ce idan ka buga fayil na rubutu zalla daga Linux, layukan suna karyewa, alhali PDF yana fita lafiya. Firintarka ba ta da laifi. CUPS, wato tsarin da ke kula da bugawa a Linux, yana bi da irin wannan fayil ta cikin matacin texttopdf (manhajar da ke mayar da rubutu zuwa PDF), kuma shi ne ke yanke girman harafi: haruffa 10 a kowane inci, layuka 6 a inci, in ba ka faɗa masa wani abu ba.

Yi lissafin da kanka. Faɗin A4 inci 8.27 ne. Cire rabin inci dama da hagu, saura 7.27, wato haruffa 72 kacal. Layi mai haruffa 80 dole ya karye. Da cpi=12 kuwa, wato haruffa 12 a inci, za ka samu 87. Gwada haka, ka sa sunan firintarka a wurin Firinta (lpi=8 na nufin layuka 8 a inci):

lp -d Firinta -o media=A4 -o cpi=12 -o lpi=8 -o page-left=36 -o page-right=36 fayil.txt

Gefen takarda da ɗigo ake auna shi, ɗigo 72 inci ɗaya, shi ya sa 36.

In ya yi maka, adana shi da lpoptions -p Firinta -o cpi=12 -o lpi=8. Zai zauna a ~/.cups/lpoptions, kai kaɗai zai shafa, sai dai in da sudo, wato izinin mai kula da kwamfutar, ka yi.

Kada ka haɗa da -o raw, don yana tsallake matatan gaba ɗaya, saitinka ya tashi a banza. In aikin ya maƙale, kunna cupsctl --debug-logging, sake bugawa, sannan ka duba /var/log/cups/error_log, za ka ga sunan matacin da ya tsaya.